Godiya ga shagon gyaran rediyon mota na bayan babbar kasuwar Maraɗi

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran shagonka.

Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a, don abin da kuka yi mini ya wuce a faɗe shi a ƙofar shago. Rediyon Pioneer mai cin kaset da na kawo muku, tun shekarun 1980 yake hannuna. Na sha yawo da shi cikin garin nan. Ko buɗe shi ba a yi, sai a ce: "Baba, yar da wannan, ga mai Bluetooth." Wani ma ya karɓi kuɗin dubawa, ya maido mini shi a kwance, ƙusoshinsa ƙulle cikin leda.

Abin ya yi mini ciwo, don sana'ata ce a da. Lokacin da Fijo 504 ke cika hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, mu ne muke haɗa wa direbobi kayan sauti. Akwatin lasifika ba mu sayensa a haɗe. Awo za ka kai wa kafinta ya yanka katako, ka cusa soso a ciki don sautin ya yi kauri, ka ja waya daga batir ta ƙarƙashin shimfiɗar mota, ka sa fis daf da batirin, kowane haɗi kuma da dalma. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kayan waje suka yi tsada, sai gyaran tsoho ya zama abincinmu. Wa zai zubar da amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, don taransista guda ta ƙone?

Yaronka da ya karɓe ni, Allah ya yi masa albarka. Kujera ya fara ba ni, sannan ya buɗe rediyon a gabana. Ya nuna mini robar da ke juya kaset, ta narke ta manne kamar kwalta. Ya kankare ta a hankali, ya sa wata, ya goge kan da ke karanta kaset da auduga, ƙurar hunturu ta shekaru ta fita. Da sautin ya fito a dishe, sai ya miƙo mini ɗan sukudireba ya ce: "Baba, nuna mini yadda kuke daidaita shi da kunne." Na juya ƙusar kan kaɗan-kaɗan har muryar mai karatu ta washe, shi kuwa yana kallon hannuna. Kuɗin da ya faɗa ma ban taya ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake aikin a wurare da yawa yanzu. A fiƙe waya da haƙori, a murɗa, a naɗe da leda, babu dalma babu fis. Ranar da wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota, wuta ce za ta tashi, alhali da iyali a ciki. Masu mota, ku riƙa tsayawa kuna ganin abin da ake yi muku.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya raya maka yaran nan.

Naka,
tsohon mai haɗa rediyo, unguwar Zariya, Maraɗi