Wasiƙa kan ƙanƙarar da ke narkewa kafin la'asar

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya fama da jama'a a can Legas? Saƙonka ya iso kan ƙanƙarar da ƙanenka ke kaiwa kasuwar Wunti a nan Bauchi, wadda ka ce rabinta ke zama ruwa kafin la'asar. Don Allah kada ku yi saurin sayen wata firiza. Ɓarnar a hanya take faruwa.

Zafin waje ne ke shiga ƙanƙara ya narkar da ita. Kilo 1 na ƙanƙara ba ya narkewa sai ya sha zafin da ya kai kilojul 334 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), wanda zai iya ɗumama ruwa kilo 1 daga digiri 0 zuwa kusan 80. Ko an daskarar da ita har digiri 18 ƙasa da sifili, ƙarin zafin da za ta sha kafin ta fara narkewa kilojul 38 ne kacal. Saboda haka a ganina riba tana wajen tare zafin nan, musamman a Maris da Afrilu da ranar Bauchi kan kai digiri 40.

Sai ƙanen naka ya fara da abin da ƙanƙarar ke taɓawa. Baron ƙarfe da ya sha rana yana zuba mata zafi kai tsaye, don haka ya shimfiɗa katako ko kwali ninki uku kafin ya ɗora. Garin katako da buhun algarara suna aiki ne saboda iskar da ke maƙale a cikinsu. Da zarar sun jiƙe an gama, domin ruwa ya fi iska ɗaukar zafi fiye da sau 20. Ya ƙulle kowace leda da kyau, ya bar wa ruwan hanyar tsiyayewa ta ƙasa, ya riƙe busasshen buhu na canji. In zai samu kula mai farin soso a jikinta, ta fi duka.

Iska mai motsi ma ɓarna take yi. Duk buɗe murfi sabon zafi ne, don haka ya ware ta sayarwar yanzu a ƙaramar kula, babbar ta zauna a rufe cikin inuwa. In babu wadatar ƙanƙarar da za ta cika ta, a toshe sauran wurin da busasshen tsumma. Baƙar leda kuwa kada ta hau sama, hasken rana take zuƙa.

Girma yana da tasiri sosai. In ka ninka tsawo da faɗi da kaurin dunƙule sau biyu, nauyinsa ya ninka sau 8, amma jikin da zafi ke shiga sau 4 kawai. Ya jera su manne da juna, kada ya fasa sai mai saye ya tsaya. Kuma kada ya barbaɗa gishiri: yana ƙara sanyi, amma narkewa yake gaggautawa.

Ka gaishe min da uwargida da yara. Allah ya sa albarka a sana'ar.

Naka amini,
daga Bauchi