Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Hana Mu Ɗakin Taro Da Wulaƙanta Ɗan'uwanmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma irin ta 'ya'ya ga mahaifinsu, tare da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ja zamaninka, ya kuma dafa maka wajen riƙon jama'ar da ya ɗora maka, mu manya masu lalurar otizim, wadda aka fi sani da galahanga, tare da wasu daga cikin iyayenmu da 'yan'uwanmu, muna neman izini mu gabatar da kukanmu. Mun san hidimomin jama'a sun yi maka yawa, kuma da abin haɗiyewa ne da mun haɗiye kamar yadda muka saba, amma tura ta kai bango, kuma ba mu da inda za mu kai kuka da ya wuce gabanka.

Ranar Asabar ta makon jiya mun je ɗakin taro na jama'a, inda aka ba mu aron ƙaramin ɗaki na awa biyu a kowane mako, sai muka tarar an kwashe kujerunmu, an jibge lasifikoki a bakin ƙofa ana gwada su domin wani taro da ba wanda ya sanar da mu zancensa. Ɗaya daga cikinmu, matashi mai kimanin shekara 30 wanda ƙara mai ƙarfi ke soka masa kai kamar allura, yana shigowa aka saki sauti. Nan take ya durƙushe, ya toshe kunnuwansa da tafukansa, yana jijjiga jikinsa gaba da baya, kamar yadda da yawa daga cikinmu kan yi domin samun natsuwa idan abu ya fi ƙarfinmu. Abin da yake bukata shi ne a kashe lasifika na minti biyar a bar shi ya dawo hayyacinsa, kuma mun faɗa, mun sake faɗa. Maimakon haka, mai kula da wurin ya sa mutum biyu suka cafke shi ta hannuwa suka ja shi waje, takalminsa ɗaya ya zame a kan matakala, yana ihu domin riƙo a irin wannan hali ƙara wa wuta fetur ne. A gabanmu, kuma a gaban mahaifiyarsa, mai kula da wurin ya ce nan ba gidan mahaukata ba ne, kada ya sake ganin ƙafarmu. Wasu samari kuwa suka ɗauki bidiyon abin a waya, yanzu haka yana yawo a WhatsApp ana dariya.

Allah ya taimake ka, tun daga wannan rana har yau wannan bawan Allah bai fito daga ɗakinsa ba. Shi ne wanda sai da ya shafe wata huɗu yana zuwa zamanmu kafin ya furta kalma ɗaya, kuma a watan jiya ne ya fara karanta mana abin da ya rubuta game da kansa. Abin da aka daɗe ana ginawa, a cikin minti kaɗan aka rushe shi.

Muna roƙon a yi mana haƙuri mu bayyana abin da muke yi a wancan ɗaki, domin mun lura waɗanda suka kore mu ba su taɓa tambaya ba. Otizim ba hauka ba ne, ba kuma sakacin tarbiyya ba ne. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma da sarrafa magana, hulɗa, sauti, haske da taɓawa, da shi ake haihuwar mutum, da shi kuma yake tsufa. A 1943 ne likita Leo Kanner ya yi bayaninsa a Amurka bayan ya lura da yara 11, kuma tun daga lokacin hankalin likitoci da makarantu ya fi karkata ga yara, kamar dai yaran ba za su girma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin kiyasin cewa kusan yaro ɗaya cikin kowane 100 yana da shi. Waɗannan yara sun girma, ranka ya daɗe, mu ne. A cikinmu akwai mai ɗinki, akwai mai gyaran waya, akwai malama, akwai kuma wanda bai taɓa samun aiki ba domin ba ya iya kallon mai tambayarsa ido cikin ido.

Yawancinmu sai da muka girma muka san sunan abin da ke tare da mu. Kafin nan sunayen da muka sani su ne miskili, mai girman kai, dolo, mara kunya, kuma mun yarda da su domin kowa haka yake faɗa. Akwai wata 'yar'uwarmu, uwar 'ya'ya uku, da ta gaya mana cewa shekara da shekaru kafin ta fita unguwa sai ta tsaya gaban madubi ta maimaita gaisuwa da murmushi, idan ta dawo kuma sai ta kwanta kamar wadda ta yi dako, tana zaton kowa haka yake fama amma ita ce ragguwa. Ranar da ta faɗi haka a zamanmu, mutum huɗu suka ɗaga hannu suka ce su ma. Ta yi kuka, kuma ta ce ranar ce ta fara daina jin haushin kanta. Likita yana iya ba mutum takardar sakamako, muna kuma girmama aikinsa, amma ba shi da lokacin da zai zauna ya ce maka shi ma ƙugin fanka yana hana shi fahimtar magana. Wannan sai wanda ke cikin irin rigarka.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan tsari ba. A 1992 wasu manya masu otizim, cikinsu har da Jim Sinclair, suka kafa ƙungiya ta kansu a Amurka, daga 1996 kuma suka fara taron shekara-shekara wanda su ke tsara shi da kansu. Daga gare su muka ari dabarar katin launi da kowa ke maƙalawa a ƙirji: kore na nufin a zo a yi mini magana, rawaya na nufin sai wanda na sani, ja kuwa na nufin a bar ni tukuna. Muna rage haske, ba a tilasta wa kowa kallon ido, wanda magana ta yi wa nauyi yana rubutawa a takarda a karanta masa. Ba ma kiɗa, ba ma tara kuɗi, ba ma siyasa, kuma ba mu taɓa tashi mun bar ɗakin ba tare da mun share shi ba.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. An sha sauya mana rana ba tare da sanarwa ba, an sha barin mu a tsaye a waje wai mai makulli ya fita, mun rubuta takarda, mun sake rubutawa, mun bi ta hannun mai unguwa, an ce mu dawo gobe, goben ta zama jibi har muka daina ƙirgawa. Ga wani, sauya rana ƙaramin abu ne. Ga mai otizim da ya kwana uku yana shirya zuciyarsa domin fitowa, ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, abu ne da kan hana shi sake fitowa har wata guda. Mun yi wannan bayani ga masu kula da wurin fiye da sau ɗaya, amsar da muka samu ita ce ai kyauta aka ba mu.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, muna roƙon Mai Girma Hakimi ya sa baki a mayar mana da ɗakinmu, a kuma rubuta rana da lokacin a takarda mai hatimi, yadda ba wanda zai wayi gari ya sauya mana shi. Idan dole ta sa a sauya, a sanar da mu mako guda kafin ranar, a kuma hana kunna lasifika a cikin waɗannan awanni biyu. Muna roƙon a kira mai kula da wurin a ji ta bakinsa. Ba korarsa muke nema ba, amma kalmar da ya faɗa a gaban uwa game da ɗanta tana bukatar ban haƙuri, kuma a gaban waɗanda suka ji ta. Muna roƙon a tsawatar wa samarin nan su goge bidiyon, a kuma gargaɗi masu yaɗa shi, domin mutuncin mutum ne ake wasa da shi.

Haka kuma muna neman a ba mu dama, ko ta rabin awa ce, mu yi wa masu unguwanni da ma'aikatan wurin bayani da bakinmu kan abin da ake yi idan mai otizim ya rikice: a rage ƙara, a ja baya, kada a riƙe shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu bukata ta musamman a 2006, wadda ta tabbatar musu da damar yin ƙungiyoyinsu da amfani da wuraren jama'a kamar kowa, a 2007 kuma ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara domin wayar da kai kan otizim. Za mu yi farin ciki idan fadarka ta karɓi bakuncin wannan bayani a irin wannan rana, amma maganar ɗaki ba za ta jira Afrilu ba. Muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a ba mu makulli da takarda kafin Asabar mai zuwa, domin muna so mu je mu gaya wa ɗan'uwanmu cewa Hakimi da kansa ya ce ya dawo, ba wanda zai sake taɓa shi.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da ɗaukaka, ya tsare shi da iyalansa da majalisarsa, amin.

Mu ne naka masu biyayya,
Mahalarta zaman taimakon juna na manya masu otizim, da iyayensu da 'yan'uwansu.