Wasiƙa Zuwa ga Baba a Kan Aikina da Burin Ƙanena

Siyatul, Amurka

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida. Ni ma ina nan lafiya, alhamdu lillahi.

Baba, a maganarmu ta waya kun tambaye ni dalilin da ya sa nake jan ƙafa a kan batun ƙanena, wanda ya ƙwallafa rai sai ya bi sawuna, alhali ni da kaina ina aiki a babban kamfanin fasaha kuma ban taɓa kawo muku kuka ba. Waya ba ta ba mutum sararin shimfiɗa magana, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuto muku yadda aikin yake daga ciki, domin ku yanke shawara a kan abin da kuka sani.

Aikin kansa ina ƙaunarsa. Mu takwas ne a rukuninmu, kuma abin da ke hannunmu ɗan ƙaramin sashe ne na manhajar da ke tantance cewa mai shiga asusu shi ne ainihin mai asusun. Duk da ƙanƙantarsa, idan ya tsaya na minti goma, mutane masu ɗimbin yawa a ƙasashe dabam-dabam ba za su iya shiga ba. Saboda haka babu layi ɗaya na umarnin manhaja da zan rubuta ya kai ga jama'a sai wani abokin aiki ya karanta ya amince. A watannin farko gyare-gyaren da ake yi mini sun riƙa sosa mini rai, har na gane cewa shugaban rukuninmu ma haka ake yi masa, kuma wani lokaci ni ne mai gyaran. Muna kuma zaman ko-ta-kwana bi da bi, mako guda kowa, inda waya za ta iya tashinka da ƙarfe uku na dare don wani abu ya lalace. Abin da ya fi burge ni shi ne, bayan an gyara, rahoton da ake rubutawa yana bin diddigin yadda tsarin ya bari kuskure ya wuce, ba a neman wanda za a ɗora wa laifi. Na koyi abu mai yawa daga wannan ɗabi'a.

Albashi yana da kyau, ba zan ɓoye muku ba, amma wani kaso mai yawa na ladan aikin hannun jarin kamfani ne da ake sakar wa ma'aikaci kaɗan-kaɗan cikin shekara huɗu. Wanda ya bar aiki kafin lokaci ya yi asarar ragowar, kuma darajar abin da ya samu tana hawa tana sauka tare da kasuwa. Ga kuma tantance ƙwazo da ake yi lokaci-lokaci, inda dole mutum ya rubuta da hannunsa abin da ya cim ma. Wannan ya yi mini nauyi ƙwarai, sai da manajata ta zaunar da ni ta nuna mini cewa aikin da ba a rubuta ba kwamitin ƙarin girma ba zai gan shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake taka-tsantsan. A lokacin annobar korona manyan kamfanonin fasaha sun ɗebi ma'aikata fiye da kima, don sun ɗauka yadda mutane suka koma intanet haka za a ci gaba. Da al'amura suka lafa, kuɗin ruwa kuma ya tashi, sai aka shiga rage ma'aikata. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami mutum 11,000, a Janairu na 2023 kuma Amazon ya sanar da 18,000, Microsoft 10,000, Google 12,000. Guguwar ba ta tsaya a kansu ba, ta iso har wurinmu. Wanda teburinsa ke kusa da nawa, mutumin Indiya mai 'ya'ya biyu, kuma wallahi ya fi ni ƙwarewa, saƙon imel ne ya sanar da shi da asuba, kafin gari ya waye an rufe masa hanyar shiga kwamfutar aiki. Ban samu damar yi masa sallama a ofis ba, sai gidansa na bi shi.

Ga ɗan ƙasa, rasa aiki rasa albashi ne. Ga baƙo irina, wanda yake zaune da bizar H-1B, wato bizar aiki da Amurka ke bai wa ƙwararrun baƙi, izinin zaman a ɗaure yake da aikin, kuma doka ba ta ba shi fiye da kwana 60 ya samu wani kamfani da zai ɗauki nauyinsa, ko ya sauya matsayinsa, ko ya tattara ya bar ƙasar. Abokin nan nawa ya samu wani wuri saura 'yan kwanaki wa'adin ya cika, kuma na ga yadda ya rame a tsakanin. Ita kanta bizar samunta da wuya, domin sababbi 85,000 kawai ake bai wa kamfanoni a shekara, masu nema sun ninka haka, sai an yi ƙuri'a. A watan Satumba na 2025 gwamnati ta ƙara sanar da kuɗin dala 100,000 a kan sababbin buƙatun da ake shigarwa don waɗanda ke wajen ƙasar. Ƙofar da na shigo ta cikinta ta ƙara tsukewa ke nan.

Ba ina cewa ya janye ba ne, Baba, domin yaron yana da kaifin basira kuma ina alfahari da shi. Roƙona shi ne ku sa baki ya kammala digirinsa, kada ya watsar da shi saboda gajerun kwasa-kwasan da ke alkawarin aiki cikin wata shida. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira yanzu suna rubuta ayyukan da ake fara ba sabon injiniya, saboda haka wanda ake nema shi ne mai lissafi da tushe mai ƙarfi, wanda zai karanta abin da na'ura ta rubuta ya gane inda ta kauce. Idan kun amince, zan ware masa sa'a biyu kowace Asabar mu riƙa warware irin tambayoyin da ake yi a intabiyu, in kuma riƙa duba ayyukansa kamar yadda ake duba nawa. Ku gaya masa ya turo mini manhajar da ya ce ya gina, da ita za mu fara.

Ina roƙon ku ci gaba da sa mini albarka. A isar da gaisuwata ga Inna da ƙannena duka.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya.