Zuwa Ga Ɗiyata, Kan Binciken Da Ya Ƙi Tafiya

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, muryarki ta jiya ce ta hana ni barci. Kin ce an sake hana ki kuɗin bincike, gwajin ma ya ƙi, har kina tunanin tattara kayanki. Ki ba ni aron kunnenki.

Masaniyar kimiyya Katalin Karikó ɗiyar mahauci ce, an haife ta a Hungari a 1955, ta taso a gidan da ba ruwan famfo. A 1985 kuɗin binciken da take yi a birnin Szeged na Hungari ya yanke, sai ita da mijinta suka sayar da motarsu, ta ɗinke fam 900 a cikin 'yar tsanar ɗiyarta, suka nufi Amurka. Burinta ɗaya ne, mRNA, wato saƙon da ƙwayar halitta ke karantawa ta ƙera furotin. Tana ganin in aka iya aika wa jiki saƙon, shi da kansa zai haɗa maganinsa. Masu kuɗi suka yi ta juya mata baya. A 1995 Jami'ar Pennsylvania ta rage mata matsayi.

Na san kin ji wannan. Abin da nake so ki lura da shi ya fi haƙurin nata. Ita da Drew Weissman, wani masanin garkuwar jiki wanda suka haɗu wajen injin kwafar takardu, duk mRNA da suka haɗa suka zuba, sai garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo ta far masa, kumburi ya biyo baya. Wani da nan zai rufe littafi. Ita kuwa sai ta duba wani ɗan'uwan mRNA da ake kira tRNA, wanda ta sa a gwajin don kwatance kawai, ta ga bai tayar da garkuwar ba. Me ya sa? Ashe tubalansa na ɗauke da 'yan sauye-sauye. Suka musanya uridine, ɗaya daga tubalan mRNA, da pseudouridine, wani nau'insa mai ɗan sauyi, garkuwa ta lafa. Sun buga sakamakon a 2005, bayan manyan mujallu sun ƙi shi, kuma shekaru suka shuɗe ba wanda ya waiwaya. A kansa aka gina riga-kafin korona na kamfanonin BioNTech da Moderna, Nobel ta zo musu a 2023.

Ba na yi miki alkawarin Nobel, 'yata. Da yawa sun jure irin haka ba a taɓa kiran sunansu ba, kuma in kin zaɓi wata hanya ba za ki ragu a idona ba. Sai dai kada ki yanke shawara cikin ɓacin rai. Ki huta tukuna, sannan ki buɗe littafin gwajinki tun daga shafin farko, ki bi waɗanda kika yi wa giciye ɗaya bayan ɗaya, musamman wanda ya yi abin da ba ki zata ba. In kin gama ki kira ni, ko da tsakar dare ne.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ce,
Mahaifiyarki