Tafiyar Dubai zuwa Guangzhou ba nan kusa ba ce

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwana masu zuwa sarin kaya Sin. Wasu na ɗauka da an sauka Dubai an kusa. Ina! Daga can zuwa Guangzhou kusan kilomita 5,800 ne, awa bakwai da wani abu a sama. Dawowa ta fi tsawo, takan kai awa takwas, domin jirgi na fuskantar iskar yamma. Kuma agogon Guangzhou ya riga na Dubai da awa huɗu, lokacin saukar da ke jikin tikiti kuwa na garin da za a sauka ne.

Na ga dattijo ya sauka ƙafafunsa a kumbure, takalmi ya ƙi shiga. Don Allah a riƙa miƙewa ana ɗan takawa, a kuma sha ruwa.

Naka,
wani ɗan Kantin Kwari, Kano