Masu Sayen Sifika a Legas, Ku Daina Ƙirga Baki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mazauna Legas kan sifikar ɗaki. Gyaranta ne sana'ata, kuma na gaji da ganin kuɗin mutane na salwanta.

Mutum zai je kasuwar Alaba, ya tsaya yana ƙirga bakunan akwatin sifika, wato zagayayyun da sauti ke fitowa ta cikinsu, kamar mai duba haƙoran rago, wadda ta fi yawan baki ita zai ɗauka. Ana kawo mini irinsu, in kwance, in tarar wasu bakunan ado ne kawai, ko waya ba a haɗa musu ba.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga karkarwa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, kuma da wuya baki ɗaya ya ɗauke wannan duka. Shi ya sa ake raba aiki. Babban baki, ufa, shi ke tura iska ya ba da ƙugin ganga. Ƙarami, tuwita, shi ke fito da siririn sauti, irin "sin" da "shin" a bakin mai ƙira'a. Tsakaninsu akwai ɗan allo mai koyil da kafasita da ke yin rabon. A sifika mai baki biyu rabon yakan faɗo wajen karkarwa 2,000 zuwa 3,000, daidai inda kunne ya fi saurin kama aibi. In an yi ƙwauro a allon nan, komai girman ufa, muryar malami a hanci za ta fito.

Mai baki uku tana ba murya nata bakin na tsakiya, kuma ba na musu, in an ƙera ta da kyau babu kamarta a babban falo. Amma rabo biyu take buƙata, kayanta sun fi yawa, don haka da kuɗi ɗaya gara baki biyu masu kyau da uku na arha. Sannan tana son tazara kafin sautukan su haɗu su zama ɗaya. Ina tazara a ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba, inda gado ya cinye rabin wuri? Ƙugin kuma bango ba ya tare shi. Kai kana jin daɗi, maƙwabci na hanyar kai ƙara wurin mai gida.

Mai baki ɗaya, irin ta rediyo, an raina ta ne kawai. Ba ta da allon rabo, murya na fitowa garau. Ga mai sauraron tafsiri da labarai ta isa. Kiɗa ne ke tona mata asiri, kuma da ka goce gefe siririn sautin ya ragu.

Kada a ruɗe ku da dubban wat da ake rubutawa da PMPO a jikin kwali, wato ƙarfin ƙiftawar ido kawai. Ku tambayi RMS, wato ƙarfin da sifikar ke iya ɗauka a kai a kai. Ku duba om ɗinta, wato ma'aunin tirjiyarta ga wuta, ko 4 ce ko 8, don mai 4 ta fi jan wuta, ƙaramin amfilifaya, na'urar da ke ba sifika ƙarfi, kan yi zafi da ita. Ku taɓa zoben da ke gefen ufa: na soso damshin Legas yana cinye shi, na roba ya fi jurewa. Kuma ku tafi da karatun da kunnenku ya saba a waya, ku ce mai shago ya sa shi da ƙaramar murya, ba da ƙarar da yake jan kwastoma ba.

Naka,
Mai gyaran sifika, Agege, Legas