Baba na son ya gan ni da allura, ni kuwa rajista ce ta ja ni

Assalamu alaikum Malam. Ya aiki, ya iyali?

Na kammala karatun likita a nan Damagaram, yanzu kuma na samu gurbin mastar, wato digiri na biyu, a Yamai kan bin diddigin annoba. Tun da takardar ta zo ban yi barcin kirki ba, saboda Baba.

Ga mafarin abin. A hunturun 2022, da sanƙarau ya ɓarke a jiharmu, ina koyon aiki a wata likita wajen Dungas. Ni na riƙe wani yaro ɗan shekara bakwai, wuyansa a sandare, aka tsiyayo ruwan ƙashin bayansa, ya fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Da dare majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya miƙo mini rajistar majinyata: sunan gari, shekaru, ranar da zazzaɓi ya fara. Ina cikin rubutu sai na ga garuruwa uku na ta dawowa, kuma duk kasuwa ɗaya suke ci. Gabana ya faɗi. Ashe ciwon ma hanya yake bi, ana iya tare shi.

Zuwa ƙarshen Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya karya nau'in A na ƙwayar sanƙarau, mu kuwa nau'in C ne ya zo mana. Sai da wasu suka zauna suka auna, suka ƙirga, kafin a san allurar da za a kawo. Aikin nan nake so, Malam, har cikin raina.

Baba baduku ne a Birni. Da kuɗin takalma da jakunkuna ya yi mini karatu. Da na gaya masa, bai ɗago daga fatar da yake yanka ba, ya ce, "Likitan da ba ya taɓa majinyaci, wane irin likita ne?" Ban ga laifinsa ba. Ni ne babba, ƙannena biyar, kuma idonsa ya fara rauni, sai autanmu ya zura masa zare. Shekara biyu babu albashi ba wasa ba ne a gidanmu.

Ba zan taka mota ba sai da albarkarsa. To in roƙi Kawu ya yi masa magana, ko zai ɗauka ƙararsa na kai? Ko in kama aiki tukuna, ko da gurbin zai wuce ni? Saura mako uku a rufe rajistar shiga karatun.

Ɗanka mai saurare,
daga Birni, Damagaram